In sayar da gona in kai shi Indiya?

Tambaya daga Daura: Malam, yarona shekararsa 2, tun yana jariri yake amai da suma, likita ya ce ciwon gado ne, hantarsa bata iya fitar da dattin furotin, sai amoniya ta taru a jini. Ni da mamansa auren zumunci ne. Wani a WhatsApp ya ce in tura kafin alƙalami naira miliyan 5 ya haɗa mu da asibiti a Indiya a gyara mai ƙwayar halitta. In sa gonata a kasuwa?

Amsa: Allah ya ba shi lafiya Alhaji. Gonar nan dai kar ka taɓa ta wallahi.

Maganin akwai shi, ba tatsuniya bace. A 2025 asibitin yara na Philadelphia a Amurka sun yi wa wani jariri mai irin ciwon nan da ake kira CPS1, suka haɗa mai magani da fasahar gyaran ƙwayar halitta da ake kira CRISPR, nashi shi kaɗai, daidai da kuskuren da ke ƙwayar halittarsa, aka sa mai ta jijiya ya tafi hanta, ya samu sauƙi har aka sallame shi, amma likitocin da kansu basu ce ya warke ba. To kaga ɗinki ne aka auna jikin mutum ɗaya, shi wannan mai WhatsApp ɗin ya taɓa ganin takardar gwajin ɗanka?

Kuma abin da haɗari. A 1999 Jesse Gelsinger ɗan shekara 18, mai ciwon OTC, dangin wannan ciwon, ya rasu kwana 4 bayan allurar gwajin maganin ƙwayar halitta.

Sai kuɗi. Magungunan ƙwayar halitta da suka wuce gwaji ma, Casgevy na sikila dala miliyan 2.2 ne a Amurka, Lenmeldy na wani ciwon gado mai taɓa ƙwaƙwalwar yara kuwa miliyan 4.25. Dala fa, ba naira ba! Gwajin gaskiya kuma likita ke tura ka, ba dillali ba.

Kuɗin da ke hannunka kashe su a nan kusa. Ka shigo Katsina ka ga likitan yara a asibitin koyarwa na tarayya, ya rubuta maka takamaiman sunan ciwon, a tsara mai abinci don nama, ƙwai da wake sai da awo. In zazzaɓi ya kama shi ko ya fara yawan barci da amai, kar a jira gari ya waye.

Ku kuma tambayi likita kafin wani cikin, don yawancin irin ciwon nan in uwa da uba duk suna ɗauke da shi, kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi mai ciwon.