Neman Gurbi da Wuri a Jami'o'in Amurka

Tambaya: Malam, 'yata na son Jami'ar Duke. An ce neman gurbi da wuri na ƙara dama. Mu yi?

Amsa: Hajiya, yana ƙarawa, amma bai kai yadda alƙaluma ke nunawa ba, don 'yan wasannin da jami'a ta riga ta zaɓa na cikin lissafin. Galibi ana rufe karɓar takardu 1 ga Nuwamba, sakamako ya fito tsakiyar Disamba. Ke da ita da malami mai ba ta shawara a makaranta za ku sa hannu cewa in an ɗauke ta, dole ta janye takardun da ta aika wa sauran jami'o'i. Nan gizo ke saƙa: babu damar kwatanta tallafin kuɗin jami'o'i. In aljihu ba nauyi, ku duba Harvard ko Yale. Nasu tsarin ba ya ɗaure ɗalibi, tana da har 1 ga Mayu ta amsa.