Me Ya Tarwatsa Mutanen Sudan Daga Gidajensu?

Tambaya: Malam, 'yan uwana da ke zaune a Hartum sun gudu zuwa Wad Madani, daga can kuma suka sake kwasar yara suka yi gaba. Shin faɗan janar biyu kaɗai ya isa ya watsa al'umma haka? Daga wata mai karatu a Damagaram.

Amsa: Malama, Allah ya sada ki da su cikin aminci. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 tsakanin sojojin Janar Abdel Fattah al-Burhan da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF ƙarƙashin Janar Mohamed Hamdan Dagalo, wanda ake kira Hemedti, ya raba sama da mutum miliyan 10 da muhallansu. Sai dai magidanci ba ya barin gidan da ya gina da guminsa don ƙarar bindiga kawai. A Hartum famfo ya daina kawo ruwa, asibitoci da bankuna suka rufe, sannan mayaƙa suka riƙa kutsawa cikin gidaje suna kwashe motoci da gwala-gwalan mata, wani lokaci ma su tare a ɗakunan masu gida. Jama'a suka fake a Wad Madani da ke jihar Gezira, rumbun hatsin ƙasar, sai ga shi ita ma ta faɗa hannun RSF a Disambar 2023, noma ya tsaya.

A yankin Darfur da ke yammacin Sudan kuwa ciwon ya daɗe. Farin da aka yi a shekarun 1980 ya turo makiyaya kudu, gardama kan gonaki da rijiyoyi ta tsananta, gwamnatin Omar al-Bashir kuma ta ba wa mayaƙan Janjawid makamai tun daga 2003, kuma daga cikinsu RSF ta samo asali. Shi ya sa a El Geneina, babban birnin jihar Darfur ta Yamma, aka bi 'yan ƙabilar Masalit da kisa har cikin unguwanninsu, aka kashe gwamnan jihar, Khamis Abakar, a watan Yunin 2023, mata suka taka da ƙafa da goyo a baya har garin Adré na ƙasar Chadi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sansanin 'yan gudun hijira na Zamzam da ke Darfur, inda aka tabbatar da matsananciyar yunwa a Agustan 2024, bayan an toshe hanyoyin shigar da abinci. Mutanen da suka fake a wurin tun 2004, waɗansunsu a can aka haife su, an sake tarwatsa su a Afrilun 2025, suka nufi garin Tawila.