Ga mai neman littattafan koyon ƙera bafle da ilimin sauti

Assalamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka tun shekaranjiya, inda ka ce ka gama karatun lantarki, kana taya wani mai sono aiki a Zango, kuma kana son a nuna maka abin da za ka karanta don ka iya ƙera bafle, wato akwatin sifika, da lissafinka, ba kwaikwayon na wasu ba. Na yi murna da tambayar nan ƙwarai, don a Damagaram masu buga akwati suna da yawa, amma masu tambayar dalilin girman akwatin ba su da yawa. Sama da shekara ashirin ke nan ina wannan sana'a, daga gyaran bobin, wato naɗin wayar da ke cikin sifika, har jan waya a masallatai da filayen wa'azi, to bari in faɗa maka yadda na bi, da yadda zan bi da a ce yau zan fara.

Kafin kowane littafi, ka koyi karanta takardar bayanin sifika, wadda kamfani ke fitarwa tare da kayansa. Kamfanoni irin su Eminence da B&C da RCF da Beyma duk suna ajiye ta kyauta a shafukansu na intanet. A cikinta za ka ga Fs da Qts da Vas da Xmax da Re. Fs ita ce kaɗawar da takardar fuskar sifika, wadda ke motsi ta ba da sauti, ta fi so da kanta in tana waje ba akwati, ana ƙirga ta da hertz. Qts na nuna ƙarfin birkin da mayen ƙarfe da roba suke yi mata. Vas kuwa yawan iska ce, a lita, wadda taushinta ya yi daidai da taushin robar da ke riƙe da takardar. Xmax shi ne iyakar gaba da bayan da bobin zai yi kafin sauti ya fara lalacewa, Re kuma turjiyar bobin ce da miltimita ke nunawa, a om. Lissafin akwatin da za ka gani nan gaba, a kan waɗannan ƴan haruffa yake zagaye.

Ni ban san su ba sai da suka ci mini kuɗi. Shekarun baya na sayo sifika mai inci 18 a Kano, na ga hoton wani bafle na burge ni, na kai wa kafinta ya buga mini irinsa da kontirfilake, muka huda ƙofar iska da ido. A shago sautin ya yi daɗi. Ranar wani biki a Birni, bayan la'asar, mai kiɗa ya sa waƙa mai kaurin bas, sai na ga takardar tana fita tana komawa kamar za ta tsinke, amma sautin ba ya ƙaruwa. Ban kai ga rage ampli ba na ji ƙas-ƙas, bobin ya bugi gindin ƙarfe, sai warin ƙuna. Uwar amarya ta zo ta tsaya kaina tana tambaya ko lafiya, mata sun tsaya cirko-cirko a fili. Da ƴan ƙananan bafle biyu muka ƙarasa bikin. Na ɗora laifin a kan sifikar har tsawon shekara biyu, sai da na karanta na gane cewa bafle mai ƙofar iska yana riƙe takarda ne kawai a kusa da inda aka saita ƙofar. Duk sautin da ya fi wannan kauri, iskar cikin akwati ba ta ƙara tare komai, takarda sai ta yi ta lilo a banza. Tawa ƙofar, da na auna daga baya, ta faɗa wajen hertz 55, ni kuwa ina tura mata abin da ya sauka ƙasa da 40 ba tare da filtar da za ta yanke shi ba.

Inda na karanta wannan shi ne littafin Vance Dickason mai suna Loudspeaker Design Cookbook, kuma shi nake so ka fara da shi. An sake buga shi sau da yawa, kowane bugu ka samu ya wadatar, kuma akwai fassararsa ta Faransanci da Elektor suka fitar, abin da zai sauƙaƙa wa irinmu da muka yi lakwal da Faransanci. Amfaninsa shi ne bai cika dogon bayani ba, yana ba ka lissafi ka ɗauka ka je wurin kafinta. Ka fara da babin rufaffen akwati, kada ka tsallake shi don kana ɗokin mai ƙofar iska. Ga misali ka gwada da kalkuleta yanzu: sifika mai Qts 0.4 da Vas lita 100, kana son Q na akwati, wato abin da Qts zai koma bayan sifika ta shiga akwati, ya zama 0.7, wanda shi ne sauti mai kyau ba gunji. Raba 0.7 da 0.4, ka ninka amsar da kanta, za ka samu wajen 3.06. Cire 1, saura 2.06. Raba 100 da shi, akwatin ya zama kusan lita 48. Ranar da na fara yin wannan lissafi da hannuna, na buga akwatin, na ji ya yi abin da takarda ta ce zai yi, tun daga ranar ban sake buga bafle da ido ba.

Asalin wannan lissafi daga mutum biyu ne. Neville Thiele, injiniya ɗan Ostireliya, ya fitar da maƙalarsa a kan akwati mai ƙofar iska a 1961, amma duniya ba ta farga da ita sosai ba sai da mujallar ƙungiyar injiniyoyin sauti, AES, ta sake buga ta a 1971. Richard Small, Ba'amurke da ke Jami'ar Sidni, ya faɗaɗa aikin a jerin maƙalu daga 1972. Shi ya sa ake kiran waɗancan haruffa ma'aunan Thiele da Small. Hikimar da suka zo da ita ita ce, sifika a cikin akwati tana yin hali irin na filtar lantarki, saboda haka duk lissafin filta da ka koya a makaranta yana aiki a kanta. Tunda kai ka yi karatun lantarki, maƙalun Small ba za su gagare ka ba, sai dai ka bari sai ka gama Dickason. Taskar AES ta kuɗi ce, ka san da haka.

Akwai manyan littattafai da za ka ji ana ambata: Acoustics na Leo Beranek na 1954, da Acoustical Engineering na Harry Olson na 1957, da na Mario Rossi na Lozan cikin Faransanci. Tushe ne, kuma ina girmama su, amma ba na farawa ba ne. Lissafinsu mai zurfi ne, wanda ya fara da su yakan gaji a babi na biyu ya ce abin ba nasa ba ne. Ka riƙa leƙa su in wata tambaya ta tsaya maka. Les haut-parleurs na Jean Hiraga ya fi su sauƙin karatu, kuma zai nuna maka yadda sifika ta faro, har zuwa irin mai bobin da Rice da Kellogg suka bayyana a 1925, wadda har yau ita muke gyarawa.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Yawancin littattafan bafle an rubuta su ne don mai sauraron kiɗa a falonsa a Turai ko Amurka. Mu aikinmu masallaci ne, da filin wa'azi, da Maulidi, da biki a tsakar titi. Saboda haka littafi na biyu da ya kamata ka nema shi ne Sound Reinforcement Handbook da Gary Davis da Ralph Jones suka rubuta wa Yamaha. A nan ne za ka fahimci desibel da kyau. Ninka wat sau biyu, desibel 3 kawai yake ƙara maka. Ninka nisa sau biyu a fili, desibel 6 kake rasawa. Sifikar da ke ba da desibel 97 da wat ɗaya a mita ɗaya, in ka ba ta wat 100 za ta ba da 117, amma mutumin da ke zaune mita 16 daga gare ta 93 zai ji. Wadda ke ba da 91 kuwa sai ta sha wat ninki huɗu kafin ta kamo waccan. Kaga ke nan lambar wat ɗin da ake rubutawa da manyan haruffa a jikin kwali ba ita ce magana ba. Ba girin-girin ba, ta yi mai. A wannan littafi kuma za ka gane dalilin da ya sa sifika biyu masu om 8 a haɗe kai-da-kai, wato + da +, − da −, suke komawa om 4, huɗu su koma om 2, ampli ya yi ta zafi har ya mutu. Rabin ampli ɗin da ake kawo mini gyara wannan ne ya kashe su.

Zafin garinmu ma yana cikin lissafi. Turjiyar jan ƙarfe tana ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri, to bobin da ya kai digiri 200 turjiyarsa ta haura da wajen kashi 70 cikin ɗari. Sauti sai ya ragu, mai sono ya ƙara murɗawa, zafi ya ƙaru, har a ƙone. A watan Afrilu, bafle baƙi da ya wuni cikin rana tun kafin a kunna shi ya riga ya ɗau zafi. Ka nema masa inuwa.

Na uku shi ne ilimin ɗaki, kuma nan ne ƴan sonon garin nan suka fi rauni. Nemi Master Handbook of Acoustics na Alton Everest. In ka ƙara ƙarfi, ka bi da Sound Reproduction na Floyd Toole, wanda ya fito a 2008. An taɓa kira na wani masallacin Juma'a da aka gina da siminti, aka yi masa sumul ciki da waje. Kwamiti suka ce ba a jin huɗuba, suna so a ƙara sifika huɗu. Na shiga da hantsi ba kowa, na tsaya a tsakiya na tafa hannu sau ɗaya, sautin ya yi ta yawo ina ƙirgawa har kusan huɗu. Na ce wa shugaban kwamiti, Alhaji, ba ƙarfi ne ya yi kaɗan ba, amsa-kuwwa ce ta yi yawa, kalmar liman ta farko ba ta mutu ba ta biyu take hawa kanta. Wallace Sabine na Jami'ar Harvard ya warware wannan tun wajen 1900: tsawon lokacin amsa-kuwwa shi ne 0.161 sau girman ɗaki, a raba da yawan abin da ke shanye sauti. Ɗaki mai mita 20 da 15 da tsayin 4, in bango da rufi da daɓe duk ƙanƙararru ne, lissafin yakan haura daƙiƙa 4, alhali magana tana son wajen daƙiƙa ɗaya. Abin da muka yi shi ne shimfiɗa darduma mai kauri, da rataya labule a bangon baya, muka sauko da sifikun daga can sama muka karkato su kan sahu, muka rage ƙarfi. Ba mu sayi ko ɗaya sabuwa ba. Juma'ar da ta biyo wani dattijo ya riƙe hannuna a bakin ƙofa ya ce yau ya ji huɗuba daga farko har ƙarshe. In kana son kunnenka ya koyi wannan bambanci, ka yi magana a zauren ƙasa na tsofaffin gidajen Birni, sannan ka je ka yi ta a sabon ɗakin siminti da ba kaya.

Batun kwamfuta ba zan ja shi ba. WinISD na lissafa akwati da ƙofar iska, Hornresp na David McBean na masu bakin ƙaho ne, VituixCAD na filtar raba sauti ne, REW kuma na awo. Duk kyauta suke. Amma abin da ka zuba musu shi za su mayar maka, kuma a nan matsalarmu take: yawancin sifikun da ke shigowa kasuwar Dole ba su da takardar bayani, wasu ma sunan da ke jikinsu ba nasu ba ne, wasu an sake musu bobin sau biyu. Dole ka koyi auna su da kanka. Dickason yana da babi a kan haka, REW ma yana yi da rezistans guda da katin sauti. Ana auna turjiyar sifika a kowace kaɗawa, a liƙa wani nauyi da aka sani a jikin takardar a sake aunawa, daga saukar da Fs ta yi sai a fitar da Vas. Ni da tsabar kuɗin ƙarfe da na auna a sikelin maƙerin zinariya nake yi, ina manna su da ɗan danƙo.

Kada ka tara littafi talatin a salula ka zauna kana kallonsu. Ɗauki sifika ɗaya mai inci 8 ko 10, ko tsohuwa ce, ka karanta babi ɗaya, ka buga akwati ɗaya, ka saurara, ka rubuta abin da ka ji a kaye. Kalmomin Turancin da suka tsaya maka ka rubuta su gefe da Faransancinsu, ba su kai ɗari ba waɗanda ke maimaituwa. Kafin nan, yau da dare ka ɗauki kwalba ka hura bakinta, ka zuba ruwa rabi ka sake hurawa, za ka ji sautin ya sirance saboda iskar ciki ta ragu. Haka bafle mai ƙofar iska yake aiki, akwatin ne cikin kwalbar, ƙofar ce wuyanta. Sannan ka sa miltimita a kan sifikar da kake da ita ka rubuto mini Re ɗinta da faɗin takardarta. In an rubuta om 8 a jiki, ya kamata ka ga tsakanin 5 da 7. Da wannan za mu fara lissafin akwatinka na farko, in sha Allah.