Wace Waya Ta Dace Da Garejin Da Ke Nesa Da Gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gina gareji a bayan gidana da ke Rayfield a Jos, tazarar mita 35 daga akwatin wutar gidan, kuma ina so in sa fitilu huɗu da ƙaramin injin walda da injin hura taya. Mai gyaran wutarmu ya ce waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5 za ta wadatar, tunda ita aka ja wa soket a ɗakuna. Shin haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ina roƙonka kada ka yarda a ja maka wannan wayar, domin abin da ya ishi soket na ɗaki ba zai ishi garejin da ake walda a cikinsa ba.

Da farko ka duba lambobin wat da ke jikin kowane inji ka haɗa su. Idan jimillar ta kai wat 7,000, aka raba da bolt 230 da muke amfani da shi a Najeriya, za a sami kusan amfiya 30, wato breka (makunnin da ke yanke wuta idan nauyi ya yi yawa) mai amfiya 32 kake bukata. Waya mai 2.5 ba ta ɗaukar wannan nauyi. Za ta riƙa zafi har robar jikinta ta bushe ta tsattsage.

Sai kuma nisa, wanda shi ne masu gyara da yawa ke mantawa. Wuta tana raguwa a hanya, kuma gwargwadon sirantar waya da tsawonta gwargwadon asarar. A kan amfiya 32 da mita 35, waya mai 4 za ta zubar da kimanin bolt 12, mai 6 ta zubar da 8, mai 10 kuwa ba ta kai 5 ba. Ƙa'idar Birtaniya ta BS 7671, wadda injiniyoyinmu suka saba bi, ta ce kada raguwar ta wuce kashi 3 cikin 100 a layin fitilu, wato bolt 6.9, ko kashi 5 a sauran layuka. Saboda haka mai 10 nake ba ka shawarar saya. Ka tuna cewa wutar da ke shigowa unguwanni da yamma sau da yawa ba ta cika 230 ba tun daga bakin mita, don haka duk bolt ɗin da ka yi asara a tsakar gida zai bayyana ne lokacin da injin hura taya ya tsaya yana gurnani ya kasa tashi, fitilu kuma suka dushe da zarar an ɗana walda.

A kasuwa ka yi hattara, domin akwai wayar alminiyam da ake yi wa rufin jan ƙarfe a sayar da ita da araha. Ka sa a fere bakinta, ka kankare silin da wuƙa. Idan fari ya fito, ka ajiye ta, domin alminiyam ba ya ɗaukar nauyin wutar da jan ƙarfe mai kauri ɗaya zai ɗauka.

Ka sayi kebul mai sulken ƙarfe, a binne shi a zurfin kamar santimita 60, a shimfiɗa yashi ƙasa da sama, sannan a ɗora tef na gargaɗi kafin a mayar da ƙasa. Na san ƙasar Jos akwai dutse, masu haƙa kuma za su so su tsaya da wuri. Inda dutse ya hana, gara a bi jikin katanga da kebul ɗin a ɗaure shi sosai. A cikin garejin a sa ƙaramin akwati mai na'urar RCD ta miliamfiya 30, wadda ke yanke wuta idan ta fara bi ta jikin mutum, kuma ƙwararren ma'aikaci ya auna wayar ƙasa, wato wayar kariya da ke sauke wutar da ta zille zuwa cikin ƙasa, da na'ura a gabanka kafin damina ta sauka da tsawarta.