Bayanin da ka rubuta wa AI ɗin shi ne matsalar

Malam, ka ce AI ɗinka tana kawo lissafin da ba daidai ba daga rumbun bayanan shagonka na Jidda. Kafin ka ɗora mata laifi, duba bayanin da ka rubuta wa kowane aiki (wato kowane umarnin da AI ɗin ke iya kira don ta yi amfani da rumbun), don da shi take zaɓar abin da za ta kira.

Miƙa wa yaron shago wanda bai taɓa ganin rumbun ba wannan bayanin. Zai gane kwanan watan na Hijira ne ko Miladiyya? Farashin da riyal yake ko halala (kashi ɗaya cikin ɗari na riyal), kuma harajin kashi 15 yana ciki? Nan ake yawan tafka kuskure, domin "yana kawo ciniki" ba bayani ba ne. Ka kuma rubuta ɓaro-ɓaro: karantawa kawai aikin yake yi, ko har gogewa.