Tambaya da Amsa: Na sayi mota mai ƙofa biyu, unguwa ta mai da ni ɗan Yahoo

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba. Ni matashi ne ɗan shekara 29, a gidanmu nake zaune a Kaduna. Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta. Shekara huɗu ke nan ina yi wa wani kamfani na ƙasar waje aiki daga ɗakina, ana biyana da dala duk ƙarshen wata. Tun ina firamare nake yanko hotunan motoci daga kalanda ina liƙawa a bango. Bara Allah ya hore mini na sayi Ford Mustang ƙirar 2016, ja, mai silinda shida, takardunta na kwastam cikakku. Na canza mata salansa don ina son jin kukanta.

Tun ranar da ta shigo layinmu ban sake samun sukuni ba. A majalisa an ce ni ɗan Yahoo ne, wato ɗan damfarar intanet. Wata maƙwabciyarmu ta hana 'ya'yanta karɓar ko alawa daga hannuna, wai kuɗin tsafi ne. A shingen bincike sai a bar mota biyar su wuce a tsayar da ni, a ce in buɗe waya. Duk wannan na haƙura. Abin da ya hana ni barci shi ne mahaifin yarinyar da nake nema ya aika wa kawuna cewa a dakata da maganar sai ya yi bincike, wai mai irin wannan mota ba ya riƙe aure. Mahaifiyata ta ce in sayar in sayi Corolla kowa ya huta. Baba, ban ci kuɗin kowa ba. In sayar ne, ko in yi kunnen uwar shegu da su?

Mai karatu daga Kaduna

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya sa albarka a nemanka, ya tsare ka da abin hawanka.

Na fi shekara talatin a gareji ina shiga ƙarƙashin motocin mutane, don haka bari in fara da ƙarfen kansa. Injin motarka lita 3.7 ne, ƙarfinsa na dawaki 300. Camry mai silinda shida ƙirar 2018, wadda ake ajiye yara da ita a Islamiyya ba mai ɗaga ido, ƙarfin dawaki 301 gare ta. Lexus LX 570 da manyan alhazai ke zuwa ɗaurin aure da ita tana da 383, ta fi taka shan mai, kuɗinta kuma ya ninka na taka ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ban taɓa jin an hana mai ita aure ba. A Amurka inda aka ƙera ta, Mustang ta fito ne a watan Afrilun 1964 a kan dala 2,368, don ma'aikaci mai matsakaicin albashi da matashin da ya fara aiki. Sama da dubu 400 aka sayar a shekarar farko. Motar gama-gari ce a can.

Me ya sa a nan ta zama abin nuni da baki? Ka dubi yadda mutanenmu suke auna mota. A wurinmu motar mutum ɗaya ta unguwa ce. Ita ake buga wa ƙofa ƙarfe biyu na dare idan naƙuda ta kama matar maƙwabci. Ita ke kwasar 'yan kai amarya, ita ke bin gawa zuwa maƙabarta, ita ke dawowa daga ƙauye da buhun masara. Idan an ga mota, abin da ido ke fara ƙirgawa shi ne mutum nawa za ta ɗauka. Taka ƙofa biyu ce, kujerar bayanta babba ba zai miƙe ƙafa ba, ga ta kwance da ƙasa har tudun rage gudu sai ka karkace kafin ka haura. Kai kana ganin mafarkin yarintarka ne ya tabbata. Su kuwa abin da suke gani shi ne yaron da ya samu ya sayi abin da ba zai amfani kowa ba sai kansa. Ba na cewa sun yi daidai. Ina so ne ka san inda maganar ta samo tushe, don ba hassada ce zalla ba.

Sai kuma wake ɗaya da ya ɓata gari. Ramon Abbas, wanda aka fi sani da Hushpuppi, ya shekara da shekaru yana jera hotunan motocin alfarma a Instagram, matasa na yi masa kallon gwarzo. A watan Yunin 2020 aka kama shi a Dubai, a Nuwambar 2022 wata kotu a Amurka ta ɗaure shi sama da shekara 11 kan halasta kuɗin damfara. Irinsa suka koya wa jama'a cewa saurayi da kwamfuta da mota mai sheƙi, to damfara ce. Wannan zaton ya ci mutanen kirki da yawa. Yana cikin abin da ya fito da matasa kan titi a zanga-zangar EndSARS ta Oktobar 2020, har aka rusa SARS, rundunar 'yan sanda ta yaƙi da fashi da makami, ranar 11 ga watan. A wancan watan ne ma Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin, Mohammed Adamu, ya hana jami'ai bincika wayoyi da kwamfutocin mutane a kan hanya haka kawai. Ka san haƙƙinka, amma kada ka yi musu a shinge. Sauke gilashi tun daga nesa, kunna fitilar ciki idan dare ne, miƙa takardu, katin aikinka ya kasance tare da su.

Ga kuma sana'arka da ba a gani. Tela ana ganinsa kan keke. Mai shago a Kasuwar Sheikh Gumi ana ganin fitarsa da safe da dawowarsa da magariba. Kai ƙofarka a rufe, fitilarka a kunne har tsakar dare, da hantsi kana barci. Dala kuma ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a 2024, albashinka ya kumbura a naira a daidai lokacin da cire tallafin mai ya sa maƙwabtanka ajiye motocinsu suna hawan Keke Napep. Dattijon da bai taɓa jin ana ɗaukar mutum aiki daga wata ƙasa yana zaune a ɗakin uwarsa ba, me kake so ya ce? Mu mun san zato zunubi ne, wanda kuma ya jefe ka da tsafi ba hujja zai amsa a gaban Allah. Amma jahilcin abu ana maganinsa da bayani, kai kuma ban ga inda ka ce ka yi wa wani bayani ba.

Yanzu in zo kan layi ɗaya na wasiƙarka da ya tsaya mini a rai, maganar salansa. A nan ɗana ba na bayanka.

Shekarun baya an yi wani biki a unguwarmu, samari suka fito wasan mota da la'asar. Suna juya ta a fili, taya na kuka, ƙura ta turnuƙe, yara na ihu suna bi. Wani yaro da bai wuce shekara bakwai ba, an aike shi sayen sukari, ya fito daga lungu. Ni na ɗauke shi da hannuna na sa a akori-kurata. Har yau ina ganin takalminsa na roba ƙafa ɗaya a tsakiyar titi, da ledar sukarin da ta fashe a gefensa. Ya rayu, yanzu magidanci ne, amma da ɗingishi yake zuwa masallaci. Motar da ta buge shi mai ƙofa huɗu ce, tsohuwa, ba ta kai rabin taka kyau ba. Abin da matan unguwar suka riƙe shi ne ƙararta. Duk ranar da aka ji inji ya yi irin wannan gurnani, sai ka ga uwaye sun leƙo suna ƙwala wa 'ya'yansu kira.

Maƙwabciyar da ta hana yaranta alawarka ta zalunce ka da maganar tsafi. Amma ina kyautata zaton kafin ta ƙirƙiro tsafi, tsoro ne ya fara shigarta. Duk dawowarka da dare akwai jaririn da ya farka, akwai tsohon da hawan jini ya hana barci. Wannan haƙƙin maƙwabtaka ne, kuma yana wuyanka. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙayyade kilomita 50 a awa ga ƙananan motoci a cikin gari. A layin da yara ke ƙwallo, ko rabin haka ya yi yawa. Ka kuma sani motarka tayoyin baya ne ke tura ta, idan ka taka mai da ƙarfi a kwana kan jiƙaƙƙiyar kwalta gindinta zai kwashe kafin ka ankara. Kafin damina ta sauka, ka duba tayoyin nan na baya.

Shi kuwa mahaifin yarinya, kada ka riƙe shi a zuciya. Bai ce ya hana ba, ya ce zai bincika, kuma uban da bai bincika ba shi ne abin tsoro. Ni ma na aurar da 'ya'ya mata uku, kowanne sai da na aika aka tambayo mini sallarsa da sana'arsa da abokansa. Ka sauƙaƙa masa aikin. Ka ba kawunka takardar ɗaukarka aiki da bayanan banki na wata shida da ke nuna sunan kamfani ɗaya ne ke turo kuɗin a rana ɗaya kowane wata. Idan dattijon yana da ɗa ko ƙane ɗan boko, ka gayyato shi ɗakinka ya zauna ya ga aikin da idonsa, ya ji ku kuna taro da abokan aikinka. Annabi (SAW) da aka tambaye shi game da mutumin da ke son tufarsa da takalminsa su yi kyau, cewa ya yi Allah kyakkyawa ne yana son kyau, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Abin da uban nan yake son ya tabbatar ke nan, ko kana raina mutane.

Ba zan ce ka sayar don bakin majalisa ba, domin ranar da ka sayar za su ce asirinka ne ya fara tonuwa. Amma maganar Hajiya daban take da ta majalisa. Ka zauna da ita ka tambaye ta abin da take tsoro, surutu ne ko ranka. Idan surutu ne, ka roƙe ta wata uku ta ga abin da gyaran zai haifar. Idan bayan haka ranta bai kwanta ba, ka sayar, ka sayi mai ƙofa huɗu da za ka kai ta asibiti ba sai ta sunkuya ba. Mustang ba ta ƙare a duniya ba, kuma shekararka 29.

Salansarta ta asali, in ba ka yar ba, bakanike zai mayar maka da ita a wuni ɗaya. Ka yi wannan kafin kawunka ya koma gidan su yarinyar, sannan ka rubuto mini yadda suka yi.