Mushtari ya tsaya shi kaɗai: ni ma haka zan ƙare?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. An haife ni a farkon Janairun 1990. Ƙawata ta saka ranar haihuwata a wata manhajar waya, sai zane ya fito, taurari tara sun cunkushe gefe guda, Mushtari kuma yana can ɗaya gefen shi kaɗai. Ta ce shi ya sa aurena ya mutu, kuma haka zan ƙare ni kaɗai. Tun ranar barcina ya ragu. Daga wata baiwar Allah, unguwar Birni, Damagaram.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ƙawarki ta yi miki fassarar da ko masu sana'ar duba da taurari ba su yi.

Wani Ba'amurke, Marc Edmund Jones, shi ya kasa zanen haihuwa, wato zanen inda rana da wata da taurari suke a sama lokacin da aka haifi mutum, gida 7 a 1941. Naki suna kiransa guga: tara a rabin da'ira su ne gugan, ɗayan da ya ware shi ne mariƙi. A cewarsu ta wurinsa ƙarfin sauran ke fita, don haka shi ake fara dubawa. Mushtari kuwa, wanda Turawa ke kira Jupita, tun a littattafan Larabawa "babban sa'a" ake ce masa, tauraron arziki da ilimi da kyauta, kuma burjin Saraɗan (ɗaya daga gidaje goma sha biyu da suke kasa sama) da yake ciki lokacin nan ne gidan ɗaukakarsa. Babu maganar rashin miji a ciki.

Ban kawo wannan don ki yi murna da shi ba. Ki dubi yadda zanen ya samu. Tauraron Uɗarid (Makuri) ba ya nisa da rana fiye da daraja 28 cikin 360 na da'irar sama, Zara ba ta wuce 48, saboda haka su uku kullum a kusa suke. Taurarin Zuhal (Satun) da Yuranus da Naftun masu tafiyar hawainiya ne, a shekarar duk suna burjin Jadyi, inda rana ke sauka a Janairu. Mushtari yana shekara 12 kafin ya kewaya rana, kusan shekara guda a kowane burji. Daga tsakiyar 1989 zuwa tsakiyar 1990 yana Saraɗan, daura da su. Kin ga ke nan yaran da aka haifa a kwanakin nan, daga Zango har Garin Malam, daga Mirya har Makka, kusan duk wannan gugan suke da shi. Wata ne kawai ke saurin sauya wuri. Ki tuna sa'o'inki da aka yi sunanku mako ɗaya. Akwai mai 'ya'ya bakwai, akwai mai rumfa a Kasuwar Dole, akwai wadda ta riga mu gidan gaskiya. Mushtari ɗaya ne a kansu duka.

Ni ina son taurari, ba zan ɓoye ba. Kakana da fitowar Kaza da 'ya'yanta yake lissafin damina, a hannunsa na koyi kallon sama. Malamai sun halatta irin wannan, na sanin lokaci da hanya da alƙibla. Wanda suka hana shi ne jingina wa tauraro rabon mutum. A Hudaibiyya, bayan an kwana ana ruwa, Annabi (SAW) ya gargaɗi masu cewa tauraro kaza ne ya ba su ruwa. In ruwan sama ba a hannun tauraro yake ba, ina ga aurenki?

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki rashin barcin nan ne. Mutuwar aure ciwo ce, kuma kin fi kowa sanin abin da ya kashe naki. Ki zauna da innarki ko wata babbar da kika amince da ita ki amayar da abin da ke ranki. In rashin barcin ya wuce makonni, ki je likita. Manhajar kuma ki roƙi ƙawarki kada ta sake buɗe miki ita. Allah Ya kawo miji nagari.